Jirgi Ba Shi da Birki

Lahadi, da hantsi

An sallame mu daga asibiti. Yatsunsa biyu ne na hannun dama, manuni da na tsakiya. An zura musu waya, an naɗe hannun har ya koma kamar filo. Likitan ƙashi ya kafa hoton a jikin fitila, ya ce karayar ba ta yi kyau ba, amma ya ga waɗanda suka fi ta muni. Na san irin wannan amsar. Ni lauya ce, ita nake ba masu ƙara idan ban san inda alƙali zai karkata ba.

Mijina likitan haƙori ne. Na rubuta ne don in ga yadda maganar take a takarda. Tunda na auri Dakta bai taɓa buɗe gwangwani da wuƙa ba, bai taɓa kama ƙofar mota ta bakinta ba, ko tuƙi ma ni ya sakar wa, duk don lallaɓa hannun nan. Sai jiya da muka fita da jirgin ruwan da muka saya, fitarmu ta farko, hannun ya shiga tsakanin goshin jirgi da ƙarfen gadar da ake ɗaure jirage.

Nas ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Ni nake tuƙi, na zo tsayawa abin ya ƙwace mini."

Ina tsaye a gefen gadon riƙe da takalmansa, har lokacin ruwa na ɗiga daga jikinsu. Takalman dai na riƙe su da kyau.

Litinin, bayan la'asar

Umma ta tare a gidan da jakarta da carbinta da ra'ayinta. Surukata ba ta taɓa yarda da jirgin nan ba. "Yara sun tafi makaranta, gida ya yi muku faɗi, shi ne za ku koma ruwa? Mutane kaji suke saya."

Auta, ƙanin Dakta, yana shigowa ya ƙame ya sara masa. "Kyaftin! An ce ka ci gada da yaƙi."

"Canjaras aka yi," in ji Dakta.

"Canjaras? Ita gadar an naɗe mata hannu ne?" Ya juyo gare ni. "Matar Yaya, ke kina ina aka yi wannan abin kunya? Da ke ce a sitiyari ai da yanzu hotuna muke kallo."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Ta fita lafiya lau, ba wanda ya ji bambanci.

Duk mai dubiyar da ya zo sai an ba shi labarin, kuma labarin ƙiba yake yi. An samu iska. An samu igiyar ruwa. Da maƙwabcinmu ya zo har an samu wani kwale-kwale da ya gifta. Da a ce shaida ne a gabana, tambaya ɗaya za ta gama da shi. Sitiyarin yana tsakiyar jirgi. Hannun a goshi ya karye. Malam, tsawon hannunka kamu nawa ne?

Falo cike da masu digiri, ba wanda ya yi tambayar. Umma ce kawai ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in ƙara masa filo.

Talata, da safe

Ƙafata ta dama tana danna ƙasa ita kaɗai. A ƙarƙashin tebur, a kotu, har a gaban murhu.

Alhamis, da azahar, a ofis

Ina so in rubuta abin da ya yi daɗi kafin ya ɓace mini.

Wanda ya sayar mana da jirgin tsohon darakta ne a wata ma'aikata. Ya yi ritaya, sunan bai yi ba. Darakta ya zo bakin tafki da hular rana da sanda, ya koya mana jirgi kafin shayi ya huce. Ga sitiyari. Ga hannun giya: ka tura gaba ya tafi, ka ja baya ya yi ribas, tsakiya firi. Ga igiya, ga filafilin tuƙi da hannu ko da inji zai mutu. Ɗaurin da ya nuna mana shi kansa sai da ya kwance ya sake, yana cewa igiyar ce sabuwa. Dakta ya koma mota ɗauko rigunan ruwa, Darakta ya ƙara wasu maganganu, ni kuma saƙo ya shigo wayata.

Muka fita. Dakta ne ya fara riƙe sitiyari, muka yi ta zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke, don shi in jirgi bai juya nan take ba sai ya ƙara murɗawa. Na karɓa. Na gane abin da wuri, ba yabon kai ba. Jirgi ba goshinsa ke juyawa ba, bayansa ne ke zamewa, kuma duk abin da ka ce masa sai ya yi nazari kafin ya aikata, kamar wanda aka kai wa fayil. Muka kai tsakiya muka kashe inji. Shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Ya kwanta a benci, ya saka hannu a ruwa yana wasa da yatsunsa, ya ce, "Barista, ashe haka masu hankali suke rayuwa." Hularsa ta faɗa ruwa, muka yi ta kewaya ta, ina nufarta tana gudu, da ƙyar muka ciro ta da filafili. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Nan zan tsaya. Ina da zama a kotu.

Asabar, da hantsi

An kwana ana ruwa. Na ce wa Umma zan leƙa ofis, na wuce tafki. Jirgin yana nan inda wasu bayin Allah suka ɗaure mana shi, ruwan sama ya taru a ciki har idon sawu, rigar ruwan Dakta tana yawo a kai. Ba wanda ya gaya mana ana rufe jirgi da tamfol. Ko kuma an gaya mana.

Na yanke robar ruwa na yi ta kwasa. A goshin akwai ɗan wurin da fenti ya kankare, bai kai tafin hannu ba. Iyakar abin da ya samu jirgin ke nan.

Duk jiragen da ke gadar suna da tsofaffin tayoyi rataye a gefe. Namu ne kaɗai tsirara. A hanyar dawowa na tsaya wurin mai faci na ɗauki huɗu. Ya tambaye ni wace irin mota ce za ta hau waɗannan, na ce ba tafiya za su yi ba, duka za su sha.

Lahadi, da yamma

Haƙorina na can ciki ya fara zogi. Ba a gidan nan zan faɗa ba.

Laraba, bayan magariba

An mayar da marasa lafiyarsa wurin abokin aikinsa. Wata tsohuwa ta ƙi, ta ce ita za ta jira likitanta. Ya yi dariya da aka gaya masa, ya tashi ya shiga ɗaki. Na tarar da shi a gaban madubi yana kokawa da maɓallin riga da hannun hagu. Na kai hannu, ya ce, "Bari." Ba da faɗa ba. Da faɗa ne da na ji sauƙi. Daga baya ya bar ni na ɓalla.

To, ga yadda aka yi.

Mu muna da yadda muke fakin. Ni ke tuƙi, shi ya fita ya tsaya yana yi mini alama da hannu, zo, zo, zo. In na kai sai ya bubbuga motar sau biyu da tafinsa, wato ya isa, ni kuma in taka birki. Haka muke tun motarmu ta farko. Ba mu taɓa zama mun tsara shi ba.

Da muka nufo gada ya ce, "Ko mu kashe inji daga nan, mu ƙarasa da filafili?" Na ce, "Ni da nake shiga tsakanin motoci biyu da baya ina waya?" Ya yi dariya, ya tafi goshi ya durƙusa. Zo, zo, zo. Ya bubbuga gefen jirgi sau biyu. Na taka.

Katako ne a wurin. Na taka katako da dukan ƙarfina, jirgin yana ta tafiya a hankali. A hankali ƙwarai, abin da ba zan iya gaya wa kowa ba ke nan, ko mai rarrafe zai wuce shi. Hannun giyar yana gefena, ko tunawa da shi ban yi ba. Shi kuma ya miƙa hannu ya tare ƙarfen.

Ko ƙara ba a ji ba. Ya ce, "Af."

Wannan ya sani, shi yake rufewa. Akwai wanda bai sani ba.

Alhamis, da sassafe

Lokacin da Dakta ya koma mota, Darakta ya ce mini, "Madam, abu biyu. Ba shi da birki, ribas ne birkinsa. Kuma kome ya faru kada kowa ya tare shi da hannu. Ki gaya wa Likita."

Na ce to. Ina karanta saƙon wani mai son a ɗage shari'arsa.

An ɗage.

Talata, da hantsi

Na kwana biyu ban rubuta ba. An cire wayoyin. Yatsun sun fito sirara, a miƙe, kamar suna nuna wani. Mai gashin ƙashi, wata doguwa mai muryar malamar firamare, ta ba shi ƙwallon roba ta ce ya matsa. Ya matsa har gumi ya keto masa. Ƙwallon bai san ana yi ba.

Na bi ta baranda na tambaye ta ko za su lanƙwashe. Ta ce, "Wane aiki yake yi?" Na gaya mata. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, Hajiya."

Ita ma ta iya amsa.

Lahadi, bayan la'asar

Darakta ya zo dubiya da kwandon lemo. Wai ya yi tafiya ne, sai yanzu ya ji. Na hango shi ta taga yana fakin a kan fulawoyina, na tsaya da tire a hannu ina tunanin ƙofar baya.

Ya zauna, ya jajanta, ya ba da tarihin gwiwarsa. Auta yana nan, Umma tana nan. Dakta ya ɗauko labarin iska da igiyar ruwa, Darakta ya katse shi.

"Amma Likita, da hannu? Haba. Ai na ce kada a tare shi da hannu. Madam, ban ce ki gaya masa ba? Kina tsaye, shi ya je mota."

Sai ƙarar fanka.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Ni da magana ce sana'ata.

Dakta bai kalle ni ba. Hannunsa ya kalla, ya ce, "Ta gaya mini, ranka ya daɗe. Har sau biyu. Ni ne mai kunnen ƙashi."

"Kyaftin ke nan!" in ji Auta. "Matar Yaya, ki riƙa rubuta masa a takardar magani, ɗaya da safe ɗaya da yamma."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta karɓi tiren daga hannuna ta ce, "Kawo, 'yar nan, kafin ki zubar." Na bi ta kicin. Ta wanke kofunan da ba a ko sha da su ba, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Tun yana ƙarami, in ƙaninsa ya fasa abu shi yake cewa shi ne. Ba na son halin. Shi ya yi barcinsa, wanda ya rufa wa ya kwana ido biyu."

Litinin, da safe

Na miƙa masa shayi, ya ce na gode. Na buɗe masa ƙofa, ya ce na gode. Tunda muka yi aure bai taɓa gode mini haka ba.

Alhamis, da sassafe

Kafin ofis nake zuwa tafki yanzu. Na rataya tayoyin. Ina fita kaɗan, in juyo, in nufo gada, in ja ribas. Ranar farko na ja da ƙarfi na faɗi zaune. Washegari na daki gada, taya ta karɓa, ta yi wani ɗan nishi ta koma yadda take. Na daɗe ina kallon tayar nan.

Ashe tun ana nesa ake fara tsayawa. Iska ma tana da ta cewa. Igiya kuma a hannu take kafin a iso, ba sai an iso a fara lalubenta a ƙarƙashin benci ba. Ƙafata har yanzu tana takawa, amma hannuna ya fara riga ta.

Ban san don wa nake koya ba. Umma ta ce a sayar. Dakta ya ce duk yadda Barista ta gani.

Barista. A da in ya faɗa, wasa ne.

Asabar, da azahar

Na kurɓi ruwan sanyi na runtse ido. Dakta ya ajiye cokali.

"Tun yaushe?"

"Jiya."

"Barista."

"Tun mako guda bayan abin ya faru."

Ya ce zai kira abokin aikinsa ya gan ni ranar Litinin.

Yanzu manunin yana lanƙwashewa rabi, na tsakiyan ya ƙi. Mai gashin ƙashi ta ce ya fara gwada kayan aikinsa, ya ce a bakin wa? Ba zai saka inji a bakin ɗan mutane don ya ji ko ya warke ba. Jiya na ji shi a waya yana tambaya ko ana neman malami a makarantar koyon aikin haƙori, da muryar mai tambaya wa wani.

Na ce, "Ba na son abokinka. Hannunsa warin albasa yake."

"Yana saka safar hannu."

"Ni kai nake so."

Ya daɗe yana kallona. Rabon da ya kalle ni haka tun kafin zuwan Darakta.

"Kin san abin da kike cewa? In ya zame, harshenki ne."

"Ai an ga amfaninsa," na ce.

Lahadi, da yamma

Asibitinsa a rufe yake yau, mu biyu ne kawai. Ya yaye ƙyallen da aka lulluɓe kujerar. Safar hannun ta ba shi wuya, na bar shi da ita na kalli silin. Ashe akwai hoton kifaye da ya manna a can don yara. Ban taɓa gani ba. Duk shekarun nan a tsaye nake shigowa in ce ya yi sauri.

Ya yi allurar, hannun hagu na tallafe da na dama. Ya riƙe injin tsakanin babban yatsa da manuni, ya jingina shi a kan na kusa da ƙarami, na tsakiyan yana miƙe a sama kamar mai neman izinin magana. Ya ajiye. Ya sake ɗauka.

"Buɗe."

Na buɗe. Ya cusa auduga, ya rataya mini bututun tsotse yawu. Sai da ya tabbatar ba zan iya cewa uffan ba sannan ya fara.

"Ba tuƙin ba ne. Tuƙin ni na ce zo, zo. Ba mantuwar ba ce ma, kowa yana mantuwa. Makonnin nan ne. Kina ɓalla mini maɓalli, kina yanka mini nama, kina kallona ina yi wa mutane wasan kwaikwayo, sai a bakin Darakta zan ji?"

Na ce, "Aaa."

"Ba a ba ki dama ba tukuna. In kin ji zafi ki bubbuga kujera sau biyu."

Injin ya tashi. Aikin da a da yake gamawa yana hira ya kai mu har azahar. Can na ji abin ya karkace ya taɓa inda allura ba ta kai ba, zafin ya tafi har cikin kunnena. Ban bubbuga ba. Na ga ya kamata in ji shi.

Ya kashe injin.

"Na ce ki bubbuga."

Na girgiza kai.

"Ƙafarki tana neman karya mini kujera." Ya ƙara allura. "Nan ba kotu ba ce, ciko kika zo. Buɗe."

Da ya gama ya ba ni wata 'yar takarda na ciza, ya duba da madubi, ya sake dubawa. Ya cire safar, ya zauna a kujerarsa mai taya. Ya ce, "Ciko zan iya. A hankali. Cire haƙori kuwa ya wuce, sai dai in tura wa wani."

Sai a lokacin na yi magana, da rabin baki a mace, yawu yana zuba. Ban taɓa yin jawabi mai muni irinsa ba. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mini tishu.

A mota na buɗe masa ƙofa. Ya shiga abinsa, ko godiya babu.

Asabar, da la'asar

Umma ta koma gidanta. Ta ce maganar kaji tana nan, in mun dawo hayyacinmu.

Mun fita da jirgi. Ya zauna a tsakiyar benci, hannuwa biyu a hammata, kamar wanda aka sa horo a aji. Kafin in tayar da inji na gaya masa abu biyun da Darakta ya ce, kalma da kalma. Ya ce madalla da saurin isar da saƙo.

Da muka juyo na fara tsayawa tun daga nesa. Firi, ribas kaɗan, firi. Jirgin ya tsaya cak, lafiya lau, sai dai gadar tana can, ko filafili ba zai kai ba. Iska ta fara mayar da mu baya.

"To, Kyaftin," ya ce. "Nan za mu kwana?"

Na ga kafaɗarsa ta motsa, hannun yana son fitowa ya yi zo, zo. Ya mayar da shi hammata.

"Faɗa da baki," na ce.

"Zo," ya ce. "Kaɗan. Kaɗan dai."

Taya ce ta fara taɓawa.